Iyakar Farin Tef

Gorar ruwan tana kan firiza, inda kowa zai gan ta, an naɗa mata farin tef ƙasa da wuya kaɗan. Irin tef ɗin nan ne da masu gyaran famfo suke naɗa wa bakin bututu don kada ya yi yoyo, kuma Mai-famfo ne ya naɗa shi da hannunsa. Kullum da safe yakan cika gorar daidai tef ɗin, ya ɗaga ta sama ya duba da ido ɗaya, in ruwan ya haura ko da kaurin farce ne sai ya rage. Abin da matarsa za ta sha ke nan daga safiyar yau zuwa ta gobe, har da na haɗiyar magani.

"Hukumar Ruwa an fito aiki," in ji ta daga kan kujera, ƙafafunta a miƙe bisa matashi. "Yau za a ba unguwarmu, ko sai mun kai ƙara?"

"Kai ƙarar mana," ya ce. "Ni ɗin dai za ki tarar a ofis."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya bar ta tana haki kamar wadda ta hau bene da kaya. Ya tsuguna ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta, ya ɗaga, ya tsaya yana kallon ramin da yatsan ya bari yana cikowa a hankali. Wannan ma aikin kowace safiya ne, shi da hawan sikeli.

Wanda bai san gidan nan ba, ba zai gane zafin abin ba. Matar nan fa Mai-ƙanƙara ake ce mata daga wannan kan layi zuwa wancan. Tun suna da ƙuruciyarsu take ɗaura ruwa a leda tana jerawa a firiza, masu shago da masu lemo suna sallama a ƙofa, kuma ba a taɓa jin wanda ya shigo gidanta ya fita da busasshen maƙogwaro ba. Ko rigima ce ta kawo ka, sai ta cika maka babban kofinta na baƙi ka sha mai sanyi, sannan ku yi. Shi kuwa mijin, rabin gidajen unguwar shi ya ja musu ruwa. Mutum biyu da suka ci abinci da ruwa, suka tarbiyyantar da 'ya'ya da ruwa, su ne yau suke zaune suna harare-harare a kan gora ɗaya.

Da zobe ciwon ya fara. Wata rana ta zo cirewa za ta yi wanki, ya ƙi fita. Daga nan takalmi ya matse, daga nan kwanciya ta gagara sai an tara mata matasai a baya. Da suka je asibiti aka tura su wajen likitar zuciya, wata siririya mai gilashi wadda ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsu ba. Ta daɗe tana kallon hoton zuciyar a na'ura kafin ta juyo.

"Baba, mece ce sana'arka?"

"Gyaran famfo, ranki ya daɗe."

"To, ka hutar da ni. Idan injin da yake tura ruwa ya yi rauni, aka ci gaba da ɗura masa fiye da abin da zai iya turawa, ina ruwan yake zuwa?"

"Baya yake komawa," ya ce. "Ya nemi inda zai kwanta."

"Na Mama a ƙafa yake kwanciya. In ya yi yawa sai ya hau huhu. Zuciyarta ta yi rauni sosai. Ga magani, a rage gishiri, ruwa kuma kada ya wuce abin da zan nuna maka."

A ranar ya naɗa tef ɗin. Ya gane bayanin tsaf, amma da za a tsare shi a ce ya rantse ya yarda, da ya yi inda-inda. Tun yana yaro bai taɓa jin an ce ruwa yana cutar da mutum ba, sai dai in faɗawa ya yi a ciki.

Sai ga Yaya. Yayar matarsa ce, ita ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi mata komai har ta kawo ta gidan nan, saboda haka shi ma Yaya yake ce mata, kuma ba ya ɗaga ido ya dube ta in tana faɗa. Tun daga ƙofa ta fara, mayafinta a hannu.

"Ruwa? Ruwa aka hana ta? Yau na ji abin da ya fi ƙarfin kaina! Kai, ka manta shekarun baya da ta yi tsakuwar ƙoda? Ba a gabanka babban likita ya ce ta yi ta sha ba ji ba gani? Likita mai furfura fa, ba wannan da jiya aka yaye ta ba. Ta sha, tsakuwa ta fita, ko ba a yi haka ba?"

"An yi, Yaya."

"To?"

Ta zaro waya ta danna masa a fuska. Wani mutum ne cikin farar riga, abin awo rataye a wuya, yana bayani da murya mai daɗi cewa babu ciwon da ruwa ba ya wankewa, kumburi ma datti ne da ya taru, likitoci sun sani suna ɓoyewa don a yi ta sayen magani. Ta ce ko a rediyo an faɗa shekaranjiya, mai kemis ɗin layinsu ma ya ce bai taɓa jin inda aka auna wa mutum ruwa kamar fetur ba. Mai-ƙanƙara tana gefe tana lasar leɓe, idonta a kan mijinta.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, Yaya ba ƙarya take yi ba. Likita ya ce a sha, likita ta ce kada a sha, kuma ran mutum guda ne a tsakiya. In ya bi wannan ya yi kuskure, ya kashe ta da ƙishirwa. In ya bi wancan ya yi kuskure, ya shaƙe ta da hannunsa. Ya je wajen aiki ya kasa ɗaura gwiwar bututu ɗaya daidai, har mai gidan ya tambaye shi ko lafiya.

A wajen aikin ne dabara ta zo masa, don ita kaɗai ya iya. In aka kira shi gidan da bango ya yi danshi, mai gida yakan nuna nan, ɗan haya ya nuna can, kowa yana rantsuwa, kuma duk gaskiya suke faɗa, danshin suna gani. Shi dai ba ya fasa bango a kan rantsuwar kowa. Bututun yake bi, taku-taku, har inda ya taso. Sai ya ce bari ya yi wa maganganun nan haka.

Ya sa 'yarsu ta nemo masa bidiyon mai farar riga, suka kalla har ƙarshe, abin da Yaya ba ta taɓa yi ba don dogo ne. Can wajen ƙarewa sai ga mutumin ya ɗago wata roba ta garin magani da ake zubawa a ruwa, ga lambar waya tana yawo a ƙasa. Babu sunan asibitin da yake aiki, babu komai. Shirin rediyon kuwa, da 'yar ta nemo shi, ashe da masu aiki cikin rana ake, lafiyayyu masu zufa. Mai kemis da aka matsa masa ya ce shi dai abin da ya saba ji ya faɗa.

Saura babban likita, wanda shi ne maganarsa take da nauyi. Ya riga ya yi ritaya, sai da Mai-famfo ya yi ta tambaya kafin a kwatanta masa gidan. Ya tarar da tsohon a baranda, ya gaishe shi, ya zayyana masa komai, ya miƙa masa hoton zuciyar. Tsohon ya sa gilashi ya duba, ya cire, ya yi ajiyar zuciya.

"Na faɗa," ya ce. "Kuma da za ta dawo mini da wancan jikin, zan sake faɗa. Amma matar da na gaya wa haka zuciyarta lafiya lau take. Wannan wata ce daban, fuskar ce kawai ɗaya. Ka bi maganar yarinyar nan, ita ta ga zuciyar. Ni ƙoda na gani, ita ma da daɗewa."

Ya dawo gida da ƙarfinsa, ya zauna ya warware musu tiryan-tiryan. Ya ce daga yau duk maganar da ta shigo gidan nan sai an tambaye ta wa ya faɗe ta, kuma da wa yake. Yaya ta saurare shi har ya gama, ta taɓe baki.

"Yo ka taɓa ganin likita ya ƙaryata likita? Ai bakinsu ɗaya."

Wallahi maganar ta kama shi. Shi ma ya san masu sana'a ɗaya suna rufa wa juna asiri, su ma masu famfo suna yi.

Ana cikin haka aikin wani babban gini ya taso a wani gari, na 'yan kwanaki, kuma ba shi da halin ƙi. Yaya ta ce ya tafi, ita za ta zauna da ƙanwarta. Ya nuna mata gora, ya nuna mata tef, ta ce ta ji, ita ba yarinya ba ce.

Da ya dawo, tun daga tsakar gida ya jiyo dariyar matarsa, irin wadda ya kwana biyu bai ji ba. Leɓenta ya yi laushi, fuskarta ta cika, tana ta zuba hira. Babban kofin baƙi yana gefenta, gorar kuwa tana kan firiza a cike yadda ya bar ta.

"Ka gani?" in ji Yaya. "Dubi yadda ta murmure. Da ka bar ta a hannun yarinyar nan da tuni ta zama ƙashi."

Ya dubi ƙafafun. Sun yi sheƙi, fatar ta miƙe har yatsun sun rabu da juna. Ya san ba ƙiba ba ce. Amma ya dubi fuskarta, ya ga yadda take murna. Ya ce wa kansa bari ta ƙarasa yau, gobe a koma kan gora.

Goben ba ta jira shi ba. Da azahar tana zaune sai numfashi ya ƙi shiga, ta riƙe hannun kujera, idanu waje, ƙirjinta yana wata ƙara irin ta bututun da iska ta shiga. A bayan motar maƙwabci ya rungume ta har asibiti, tana damƙe da rigarsa, tana son ta yi magana babu hali. Aka sa mata abin iska a fuska, aka yi ta yi mata allurar da take fitar da ruwa. Likitar ba ta yi masa faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi, ko ruwan ya wuce tef, ya sunkuyar da kai. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

A barandar asibiti ya tarar da Yaya ta haɗa kai da gwiwa tana kuka.

"Ai na ga su ma ƙarin ruwa suke yi wa mutane," ta ce cikin kukan.

"Ita cire mata suka yi, Yaya."

Ya zauna kusa da ita. Bai yi mata gori ba, don ya san da za a ce Yaya ta ciro zuciyarta ta ba ƙanwarta, ba za ta tsaya tambaya ba.

Bayan an sallame su, Mai-famfo ya zama wani mutum. Tsoro ya mayar da shi mugu, ba wata kalma da ta fi wannan. Ya sallami masu sayen ƙanƙara, ya kwashe ledojin firiza ya zubar, ya ɗauke babban kofin ya tura bayan kwanuka. In ta kurkure baki yana tsaye sai ya ga ta tofar. Ita kuma ƙishirwa ta hana ta sakat, ga maganin da yake busar da baki, ga zafi. Harshenta ya tsattsage. Wani lokaci sai ta kira shi da murya ƙasa-ƙasa, ba da wasa ba.

"Baban yara, ko mai azumi in rana ta faɗi ana ba shi ya sha ya ƙoshi. Ni yaushe tawa ranar za ta faɗi?"

Sai ya tashi ya fita tsakar gida ya yi kamar yana neman sifana.

Wata safiya ya shiga banɗaki ya same ta ta tara hannu a ƙarƙashin famfo, tana sha da sauri kamar ɓarauniya, a gidanta. Ya juya ya fita. Da zai fita aiki sai ya ɗauko sukundireba ya bi famfunan gidan ɗaya bayan ɗaya, na kicin, na banɗaki, na tsakar gida, ya kwance kawunansu ya zuba a aljihu. Wani mijin da kuka zai yi, ko roƙo, ko faɗa. Shi abin da hannunsa ya iya ke nan, ya kuwa aikata. Yana tafe kawunan suna ƙara a aljihunsa, yana ce wa kansa ai don ita ya yi.

Bai kai la'asar ba ya dawo, don zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya same ta a kicin, zaune a ƙasa ta jingina da firiza, gorarta a gefe ko rabi ba ta sha ba. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ne.

"Fuska na zo wankewa," ta ce, ba ta dube shi ba. "Na tsufa a gidan nan, ban taɓa kulle maka ko tukunya ba."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya ciro kawunan ya mayar da su, sukurun yana ta faɗuwa. Da ya gama ya zo ya zauna kusa da ita a ƙasa, ƙato da shi, da furfurarsa, ya fashe da kuka. Ya gaya mata abin da bai taɓa faɗa ba, cewa har yanzu yana jin hannunta a rigarsa a bayan motar nan, kuma shi ba zai iya zama a gidan nan babu ita ba, bai ma san inda ake ajiye gishiri ba.

Ta juyo ta dube shi. Can ta ce, "Gishirin ai an hana." Ta share masa fuska da gefen zaninta. "Tashi ka ɗauko farantin ƙanƙara. Ka zuba daga cikin gorar, kada ka cika gidajen, rabi-rabi. In na tsotsa zai fi daɗewa a baki. Kai da kake zaune da Mai-ƙanƙara, ko wannan ba ka koya ba."

Daga ranar ita ta karɓi aikin. Ita take duba tef, ita take tuna masa sikeli, kuma bai sake ganin ta kusa da famfo ba sai da dalili. Ranar da Yaya ta turo wani sabon saƙon murya, na wata mata da ta ce ganyen kaza da tulun ruwa sun tayar da mijinta, Mai-ƙanƙara da kanta ta karɓi wayar.

"Yaya, wa ya faɗa? To ita matar wace ce? Mijin nata ciwon me yake yi? Ba ki sani ba? To ki tambayo mana, in irin nawa ne sai mu kai wa likita ta gani."

Yana jin muryar Yaya daga cikin wayar tana cewa an shanye mata ƙanwa, mutumin nan zai busar da ita yana kallo. Mai-ƙanƙara ta kashe, ta ɗaga masa gira.

"Hukumar Ruwa, an ɗauke ni aiki ko?"

Sun samu watanni masu daɗi bayan nan, kada a rage musu. Kumburi ya sauka, zobe ya koma yatsa, har ta iya takawa zuwa bakin layi ta gaisa da tsofaffin masu sayen ƙanƙararta. Ta ga haihuwar jikarta, ta goya ta a zaune. Mai-famfo ya fara yarda cewa in dai ya riƙe tef ɗin nan da kyau, to ya riƙe ta.

Sai kuma sikeli ya fara hawa, ba tare da ta ƙara ko cokali ba. Aka ƙara magani, ya hau. Aka canza wani, ya hau. Ya rage ruwan da kansa ƙasa da tef, ta karɓa ba musu, duk da haka ya hau. Aka kwantar da ita, aka sallame ta, aka sake kwantar da ita. Wannan karon ta daɗe, kuma kullum da gorarsa yake zuwa, ya ajiye ta a kan ɗan akwatin gefen gado. Har nas-nas sun san ta.

Wata la'asar likitar ta yafito shi zuwa bakin taga a baranda. Ta cire gilashinta ta riƙe a hannu.

"Baba, gorar nan a ajiye ta haka. Duk abin da Mama take so ta sha, a ba ta."

Ya ji maganar sarai, amma sai ya yi abin da ya saba. "Ranki ya daɗe, ke kika ce kada ya wuce tef. Me ya canza?"

"Zuciyar ta gaji, ƙodar ma ta bi ta. Mun yi iya abin da muke da shi. Hanin ba ya ƙara mata komai yanzu sai wahala."

Ya dafa ƙarfen tagar. A ƙasa wani yana wanke mota da tiyo, ruwa yana ta malala a banza.

"Ki gaya mini gaskiya, don Allah. Duk ƙishirwar nan da ta sha, ta yi amfani?"

Ta mayar da gilashinta a ido. "A nata, na yi imani ta yi. Ka ga abin da ya faru da ta sha da yawa. Amma ba zan ce maka ga yawan abin da ta ƙara mata ba, ban sani ba. Mu kanmu ba mu gama magana a kan yadda za a tsananta ba, ga masu sauƙin ciwo wasunmu sun fara sassautawa. Na ba ka abin da na fi yarda da shi a lokacin, kai kuma ka riƙe shi fiye da duk wanda na taɓa gani."

Ya so a ce ta ce masa eh, ɗari bisa ɗari. Ya bi bututun har inda ya taso, ga shi a gaban mai shi, kuma iyakar abin da ke wurin ke nan.

Bai koma ɗakin ba, gida ya wuce. Ya jawo babban kofin daga bayan kwanuka, ya wanke ƙurar, ya buɗe famfon kicin. Kofin ya cika ya tumbatsa, ruwa yana bin hannunsa har gwiwa, shi da ɗigon famfo yake hana shi barci, yana tsaye yana kallo ya kasa rufewa. Da kyar ya tattara kansa. Ya juye ƙanƙarar faranti a kula, ya cika wata gorar da ba ta da tef, ya kama hanya.

Yaya tana bakin gadon tana yi mata fifita. Tun da aka kwantar da ita Yaya ba ta ƙara kawo maganar ruwa ba, da auduga take jiƙa mata leɓe kamar yadda nas ta nuna mata. Da ta ga kofin a hannunsa sai fifitar ta tsaya. Ya zuba ƙanƙara, ya tsiyaya ruwa har baki, ya ɗago kan matarsa a hankali.

"Ungo, sha."

Mai-ƙanƙara ta dubi kofin, ta dubi gorar mai tef a kan akwati, ta dube shi. Muryarta ta shige ciki, sai ya sunkuya yake ji.

"Hukumar Ruwa, cin hanci aka ba ka?"

"Sha dai."

Ta kawar da baki. "Wa ya faɗa?"

"Likita."

"Wacce?"

"Taki. Mai gilashi."

"Da ni take, ko da ta gadon can?"

"Da ke take."

"Ta ga ƙafata yau?"

"Ta gani."

"To me ya canza?"

Shi ya koya mata tambayoyin nan, babu wanda zai kai ƙara. Ya nemi ƙarya a bakinsa, ko 'yar ƙarama, ya rasa. Ƙanƙarar tana ta ƙara a jikin kofin. Yaya ta tura gefen mayafi a baki ta juya wa gadon baya.

Mai-ƙanƙara ta daɗe tana kallon fuskarsa. Sannan ta ɗan gyaɗa kai, kamar wadda aka gaya wa kuɗin mota.

"To," ta ce. "Kawo."

Ya kai mata baki. Ta kurɓa sau ɗaya, ta lumshe ido, ta riƙe ruwan a baki kafin ta haɗiye. Ta sake kurɓa. Sai ta ɗaga yatsa.

"Ya isa."

"Sha mana, akwai da yawa. Ga wata gorar ma a cike."

"Na ƙoshi, Baban yara." Ta yi numfashi, ta huta. "Ashe ɗan wannan ne nake ta yi maka rigima a kai."

Ya tsaya riƙe da kofin, ruwan ko sauka bai yi daga baki ba.

"Ƙanƙarar nan ba ta kama ba," ta ce, idonta a rufe. "Ka cika buɗe firiza." Ta laluba ta taɓa hannunsa. "Miƙa wa Yaya ta sha. Tun safe take nan, ba wanda ya ba ta ko ruwa."